Jihar Dutse a Goshin Rediyon Kakana

Washegarin ranar da aka ba mu jiha, a ƙarshen watan Agustan 1991, gari ya waye da yayyafi, amma babu magidancin da ya tafi gona a unguwarmu. Shekarata goma a lokacin, ina aji huɗu na firamare. Inna ta miƙo mini kwanon kunu ta ce in kai wa kakana, Alhaji Buba, a zaure. Na tarar zauren ya cika da dattawa har bakin ƙofa, wasu a tsugune, wasu a tsaye malafarsu tana ɗiga, kowa ya zuba wa rediyon Kaka ido kamar da ido ake sauraro. Tun jiya ake nanata labarin, a faɗa da Hausa a koma a faɗa da Turanci: an yanke mu daga Kano, an kira mu Jigawa, kuma Dutse, garinmu na duwatsu da dabino, shi ne hedikwata. Na ratsa tsakanin mutane na durƙusa na ajiye kwanon. Kaka ya juyo da kunnensa wajena, don a lokacin idonsa ya fara yana, ya ce, "Habi, kalmar nan da mai Turancin yake ta maimaitawa, sitet, sitet, me yake nufi?" Na ce, "Jiha ke nan, Kaka." Ina rufe baki idona ya faɗa kan wasu ƙananan haruffa masu ruwan azurfa a goshin rediyon, ƙasa da gilashin da allurar tasha take yawo. Na sha goge su da gefen zanena, ban taɓa tsayawa na karanta ba. An rubuta SOLID STATE.

Kalma ta biyu yanzu na gama fassara ta. Ta farkon ma na taɓa ganinta, a littafin kimiyyarmu wanda mu shida muke haɗa kai a kansa. Akwai wani shafi mai hotuna uku, dutse da ruwa a kofi da hayaƙi, an rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin kowane, kuma a ƙarƙashin dutsen solid aka rubuta. Ban yi wata-wata ba na ce, "Kaka, ai ga ta nan ma a jikin rediyonka. An rubuta Jihar Dutse." Kaka ya ce in sake faɗa, na sake. Ya ɗauki rediyon ya kusanto da shi har yana gogar hancinsa, ya bi haruffan da babban yatsa. A Makka ya saye shi shekarar da ya sauke farali, tun ba a haife ni ba, ya sa wani baduku a kasuwar Kiyawa ya ɗinka masa riga ta jar fata mai maratayi. Can sai ya ce, "Ikon Allah! Ashe tun daga Makka na ɗauko jihar nan a jakata ban sani ba." Aka ɗauki salati, aka ɗauki dariya, rediyon ya zaga hannu-hannu, har waɗanda ba su san baƙi ɗaya na boko ba sai da suka duba suka gyaɗa kai. A ranar Kaka ya raɗa mini suna Akawu, kuma kafin azahar labarin ya kai bakin rijiya.

Asalinmu masu shanu ne. Kaka ne ya zaunar da mu a nan gefen hanyar Kiyawa, ya yi gida na ƙasa, ya bar garke a bayan wani faffaɗan dutse da muke shanya ɓarzajjen gero a kansa. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, kullum yana tsakanin garke da gona, mu kuma 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa: shara da sassafe, ɗebo ruwa, surfe, girgiza gorar nono har mai ya taru hannu ya ƙage. Amma tun daga ranar nan ni na samu wani aiki da ya fi duk waɗannan daraja. Da an idar da sallar la'asar, ni nake ɗaukar buzun Kaka da rediyonsa in kai gindin dabinon ƙofar gida. Ni nake zare eriya, in murɗa in nemo masa tashoshin Hausa na ƙasashen waje a gajeren zango, in riƙe allurar daidai inda shuuu ɗin yake lafawa. Ni nake shanya batir huɗu a rana in sun yi sanyi. In an kawo katin allurar shanu ko wasiƙar kawuna, ni ake jira. Duk baƙon da ya zo, daga Ringim ne ko daga ruga, sai Kaka ya ba shi labarin Jihar Dutse, ya ƙare da cewa, "Akawuna ce ta gano." Sa'an nan ya laluba aljihu ya miƙo mini dabino biyu ko uku, masu ɗumin jikinsa, in ci a gaban 'yan'uwana a hankali don su gani.

Bayan an gama girbi sai ma'aikata suka fara kwararowa daga Kano, manyan motoci shaƙe da tebura da kujeru da katifu. Gari ba shi da gidajen da za su ɗauke su, har aka ce wasu a ofis suke kwana. Kaka ya sa aka share ɗakuna biyu na kusa da zaure ya sauki wani ma'aikacin gwamnati mai gyaran na'urorin ofis, Malam Lawan, da matarsa da 'yarsu ɗaya, Nafisa. Sa'ata ce. Ranar da ta fara bin mu makaranta na ƙare mata kallo tun daga ƙasa: farar safa, takalmi mai maɗauri, jakar goyo mai aljihu biyu. Ni kuwa silifa ne a ƙafata, littattafaina a cikin ledar da Inna ta ɗinke wa baki. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da malaminmu ya ce ta karanta, ta miƙe ta karanta shafi guda na Turanci ba ta ɗora yatsa a kan layi ba, ba ta tsaya haɗa baƙi ba, kamar mai zuba ruwa daga buta. Tun daga aji ɗaya ni ce ta ɗaya. Jarrabawar farko da muka yi da ita na koma ta biyu, na taho gida ta bayan gonaki don kada a tambaye ni.

Na riƙa neman inda ta gaza, kuma na samu. Ba ta iya daka ba, taɓarya ce take juya ta. In ta ɗauki tulu rabin ruwan a bayanta yake ƙarewa. A carafke duwatsun zubewa suke ta tsakanin yatsunta, in kuwa saniya ta ɗago kai ta kalle ta sai ta ruga ta maƙale a bayana. Duk wannan daɗi yake mini. Da tana da girman kai da na huta, da na samu dalilin ƙin ta. Amma sai ta riƙa dariyar kanta, ta ce in koya mata, ta raba biskit ɗinta biyu lokacin tara ta ba ni babban ɓarin. In karɓa in ci, zuciyata tana tafasa.

Wata ranar bazara muna bakin rijiya mu biyu, ina jan guga tana riƙe da bakin tulu, sai ta sassauta murya ta ce, "Habi, in faɗa miki wata magana ba za ki ji haushi ba? Rubutun nan na rediyon Baba Alhaji, ba Jihar Dutse yake nufi ba. Akwai shi a tsohon rediyonmu na Kano, akwai shi a na maƙwabtanmu ma." Na saki igiyar har gugan ya koma ya daki ruwa. Na ce ƙarya take, ta ce wallahi da idonta ta gani. Na san gaskiya ta faɗa tun kafin ta rantse, don Nafisa ba ta iya ƙarya ba, wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi. Na ce, "In kika faɗa wa Kaka, ba ni ba ke har abada." Ta ce ba za ta faɗa ba. Daga ranar na rasa sukuni. Duk lokacin da Kaka ya ɗauko labarin nan tana wurin, sai in saci kallonta in ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na tsani sunkuyar da kan nan. Asirina yana hannunta, kuma tana riƙe da shi da kyau, ni kuwa ba na son in zama mai cin albarkacinta.

Da damina ta kama sai rediyon ya fara ciwo. Yana cikin magana sai ya ɗauke, sai an bubbuga ƙeyarsa ya dawo. Wata Asabar da hantsi Kaka ya kira Malam Lawan ya duba masa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, ya tuɓe wa rediyon rigar fatarsa, ya kwance bayansa a gaban dattawa uku da suka zo hira. Nafisa tana durƙushe a gefensa da murfin gwangwani tana tara ƙananan kusoshin, tana miƙa masa sukudireba da dalma tun kafin ya nema. Ni ina bakin ƙofa, ban san sunan ko ɗaya daga cikin kayan ba. Kaka ya ce, "Malam Lawan, tunda ka buɗe cikinsa, duba mana ko za ka ga inda suka ɓoye jihar." Ya kwashe labarin tun daga Makka ya ba shi. Malam Lawan ya yi murmushi bai ce komai ba. Kaka ba ya gani sosai, amma yana jin shiru. Ya ce, "Ɗana, shirun nan naka da magana a ciki. Faɗi."

Malam Lawan ya ajiye abin hannunsa ya gyara zama. Ya ce, "Baba, kalmar nan sitet fuska biyu gare ta. Tana nufin jiha, tana kuma nufin hali, wato yanayin da abu yake ciki. Ka ga man shanu, da sanyin safiya a daskare yake. A ɗora shi a wuta ya zama ruwa, a bar shi ya yi ta ƙuna ya tashi hayaƙi. Mai ɗaya, hali uku. To solid shi ne halin farkon nan, daskararre." Ya ce rediyon zamanin da, kwalabe ne na gilashi a cikinsa, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu, sai sun yi zafi sun yi ja kafin a ji magana, ga cin wuta ga saurin fashewa. Kaka ya ce ƙwarai, ya taɓa ganin irinsa a gidan wani attajiri a Ringim, girmansa ya kai akwatin tufafi, in an kunna sai mutum ya gama alwala kafin ya yi tari. Malam Lawan ya ce to akwai masana a ƙasashen Turawa da aikinsu shi ne binciken daskararrun abubuwa, da sunan nan ma ake kiran fannin nasu, su ne suka gano yadda za a sa lantarki ya bi umarni a cikin ɗan mitsitsin abu mai tauri, ba kwalba ba zafi. Ya nuna da tsinin sukudireba wani abu kamar ƙwayar wake mai ƙafafu uku na waya, ya kama yatsan Kaka ya ɗora a kai. Ya ce da masu ƙera rediyo suka koma amfani da shi, sai suka ari sunan suka riƙa rubutawa a goshin kayansu don talla, ma'ana wannan babu kwalba a cikinsa, kana kunnawa zai yi magana, ka rataya ka tafi gona. Sa'an nan ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Kuma Akawu ba ta yi nisa ba, Baba. Abin da ke cikin ƙwayar nan ɗan'uwan dutse ne, daga yashi ake tace shi."

Na san don ya rufa mini asiri ya ƙara wannan, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Kaka kuwa dariya ya yi har da share hawaye da bakin rawani. Ya ce, "Kusan shekara ina shayar da baƙina ƙarya a kan fura! Akawu, yau an kama mu, ni da ke." Dattawan suka taya shi. Ko kusa bai ji haushi ba, ni ce na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Lawan ya liƙe wayar da ta saki, ya mayar da kusoshin, ya ce babu abin da zai fashe a ciki, ruwa kawai za a kiyaye masa. Rediyon ya ɗauki magana tar. Kaka ya miƙa hannu ya lalubo kan Nafisa ya ce, "Ke kuma daga yau Injiniya." Ya sa hannu a aljihun nan da na sani, ya ciro dabino ya ba ta. Ya ciro wasu ya miƙo wajen ƙofa yana kiran Akawu, amma na riga na bar wurin.

Na sa a raina ita ta tsegunta wa babanta, shi kuma ya zo ya tozarta ni. Da la'asar ta yi Kaka ya aiko a kira ni, na ce a ce ina surfe. Washegari na ce Inna ta aike ni. Rana ta uku sai na hango Nafisa ta fito da buzu a hammata da rediyo a rataye, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na laɓe a bayan katanga ina jin su. Tana nemo masa tasha cikin murɗawa ɗaya, tana fassara masa labaran Turanci waɗanda ni da sai dai in tsinci kalma biyu in cike sauran da ka. Yana koya mata sunayen shanu da Fulatanci tana kwaɓawa suna dariya. Sunayen nan ni ya fara koya wa. A makaranta na hana a sa ta a gaɗa. Na ce wa 'yan ajinmu wai ta ce muna warin nono, alhali ba ta taɓa faɗa ba, suka daina zama kusa da ita. Ta tambaye ni me ta yi mini, na ce ta tambayi babanta mai hali uku.

Ana cikin haka, wata ranar tsakiyar damina da gero ya fitar da kai, aka aiko wa Kaka cewa wani amininsa ba shi da lafiya. Ya tashi daga gindin dabino aka ja shi suka tafi, ya ce Injiniya ta shigar da kayan. Kafin ta ɗauka sai ummanta ta ƙwala mata kira ta aike ta injin niƙa, ta ruga da niyyar ta dawo yanzu. Ba a jima ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar shanya. Inna tana ta ihu a kwashe kuka da kuɓewar da aka baza, a kora kaji. Na fito ƙofar gida in kamo 'yar akuyarmu, sai na ga buzun a shimfiɗe, rediyon a kansa yana ta magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Na tsaya. Buzun salla ne, ba zan iya barin sa a ruwa ba. Na ɗaga rediyon na ɗora shi a kan saiwar dabinon, na naɗe buzun na kai zaure. Daga nan zuwa gindin bishiyar taku goma ne, kuma ɗigon farko bai sauka ba tukuna. Ban koma ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallo ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai labarai ya ci gaba da magana, muryarsa ta fara kurkura, ta shaƙe, ta ɗauke.

Nafisa ta dawo sharkaf da ƙullin gari a ka, ta ga rediyon, ta saki ƙara. Ummanta, wadda ban taɓa ganin ta ɗaga mata hannu ba, ta karyo tsumagiya ta zane ta a tsakar gida tana cewa, "Mutumin da ya ba mu wurin zama, da wannan za ki saka masa?" Ta hana ta sake taka zauren. Malam Lawan ya je ya durƙusa gaban Kaka yana ba da haƙuri. Kwana uku yana shanya cikin rediyon duk lokacin da rana ta leƙo, yana bi da burushi. A ƙarshe tashar kusa ta dawo da dasasshiyar murya, amma gajeren zango ya tafi ke nan, tare da duk muryoyin nesa da Kaka ya saba yini da su tun idonsa ya fara rufewa. Ba zan ɓoye ba, ranar farko na ji sanyi a raina. Da la'asar na ɗauki buzu na kai gindin dabino ba tare da an kira ni ba. Kaka ya zauna, ya ciro carbi, ya yi ta ja. Bai ce in kunna komai ba, bai sa hannu a aljihu ba. Muka zauna haka har aka kira magariba.

Ranar Juma'a da safe ya ce in raka shi garke. Na kama kan sandarsa ina gaba yana biye, muka zaga bayan dutsen, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Ya zauna a kan wani falalen dutse, wata maraƙa ta zo tana lasar hannunsa. Ya daɗe yana shafa wuyanta kafin ya ce, "Habiba." Bai taɓa kiran cikakken sunana ba. "Ranar da aka yi ruwan nan, na dawo na tarar da buzuna a naɗe a zaure, ko ɗigo bai taɓa shi ba." Ya ce, "Rediyon a kan buzun na bar shi. Wanda ya ɗauki buzu, sai da ya ɗaga rediyo." Sai kuka ya ƙwace mini, na ce, "Ai kai ka daina kirana! Ita kake ba dabino, ita kake koya wa sunan shanu!" Ya bari sai da na yi mai isata. Sa'an nan ya ce, "Sau nawa na aika aka ce kina surfe? Ni ban sallame ki ba, ke kika ajiye aiki." Ya numfasa ya ƙara da cewa, "Rediyo nawa ne, na yafe. Amma bulalar da yarinyar nan ta sha ba a jikina ta sauka ba, ba ni da ikon yafe ta. Kin san ƙofar ɗakinsu."

Tafiyar da na yi daga garke zuwa ƙofar ɗakin nan ita ce mafi tsawo a ƙuruciyata. Na tarar umman Nafisa tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata abin da na yi, kaina a ƙasa. Ta ajiye rariyar, ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sa'an nan ta ce, "Allah ya shirye ki, Habi," ta tashi ta shige ɗaki. Nafisa tana zaune a bakin gado tana ji. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Ni ban taɓa faɗa wa kowa maganar rubutun nan ba. Ko Babana." Ta juya mini baya. Inna ta yi mini nata hukuncin da yamma, kuma bai kai zafin wannan ba. Bayan kwana biyu Kaka ya sa aka kira mu tare, ya ce ni in riƙa ɗaukar buzu ita rediyo. Haka muka riƙa yi, muna zaune dama da hagunsa, kowa da dabinonta, amma har aka yi hutu Nafisa ba ta yi mini magana ba sai ta kama dole. Da kaina na je na faɗa wa 'yan ajinmu cewa maganar warin nono ni na ƙirƙira. Suka koma wasa da ita, ni suka yi mako biyu ba sa sa ni a gaɗa.

Da aka gama wasu gidajen ma'aikata a Takur sai suka tashi. Ranar da motar kaya ta zo, Kaka ya sa aka jawo wata jar karsana ya ce ta Injiniya ce, irin kyautar da yake yi wa jikokinsa, a bar ta a garkenmu tana haihuwa. Na san dalilinsa, na kuma san ta cancanta, amma sai da na ƙi cin tuwo. Kuma kamar da gayya, karsanar nan ta fi tawa ƙiba, ta riga tawa haihuwa. Saboda ita Nafisa ta riƙa zuwa duk hutu, ta tsaya nesa tana kallon dukiyarta don har lokacin tsoron shanu take. A bakin garken nan muka shirya, a hankali, ba tare da wata ta sake tayar da zancen ba.

Kaka ya rasu a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Nafisa tana jami'a a lokacin, tana karatun lantarki. Ta iso kwana biyu da rasuwar cikin dogon hijabi, ta zube a ɗakin Inna ta yi kukan da ni, don taurin zuciyata, na kasa yi a gaban mutane. Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa daga ruga ta taɓo ni ta ce, "Wannan jikarsa ce ta birni?" Ina shekara goma sha tara, ina zaman makokin kakana, amma wallahi sai da na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina. Na haɗiye shi na ce, "I, jikarsa ce."

Yau babu mai rubuta kalmomin nan biyu a goshin rediyo, don babu sauran mai kwalba da za a yi wa gori. Kwanakin baya dai na ji su a bakin ɗana, yana gaya mini irin ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar da yake so, na fassara masa har da man shanu, ya yi ta mamakin inda na sani. Zaurenmu ya zama shagon cajin waya, kwalta ta bi ta inda garke yake, gidaje sun haɗe tun daga ƙofarmu har Takur. Yaran yanzu in sun ga kalmar da ba su sani ba wayar hannu suke tambaya, ta ba su amsa kafin tsoho ya gyara zama, kuma ba na ganin dattijo da 'yar jika sun ɓata yamma guda a kan haruffa goma. Nafisa tana aiki a wani gari mai nisa, gashinta ya fara furfura kamar nawa. Duk Salla nakan ƙudura cewa bana ni zan fara kiranta. Ina cikin raba tuwo sai in ji waya tana ƙara, in duba in ga sunanta. Har a zumunci ta riga ni.